Mishan da Horar da Fastoci a Ƙasar Nijar: Tsokaci a kan Littafin Barbara Cooper

Tsakure

Wannan maƙala tsokaci ce a kan littafin Barbara M. Cooper mai suna Evangelical Christians in the Muslim Sahel, musamman ɓangarorinsa da suka shafi rayuwar ƴan mishan da yadda suka horar da masu bishara da fastoci a ƙasar Hausa ta Nijar. Mun yarda da marubuciyar cewa harshen koyarwa shi ne ƙashin bayan wannan tarihi. Amma muna ganin bayanin bai cika ba muddin ba a dube shi daga Yamai ba, kuma muddin ba a nazarci abin da Kiristoci Hausawa suka rubuta da hannunsu ba.

1. Gabatarwa

Littafin ya fito a 2006 daga maɗaba'ar Jami'ar Indiyana ta Amurka, ya kuma sami kyautar Herskovits a 2007. Marubuciyar masaniyar tarihi ce, kuma ba baƙuwa ba ce a Maraɗi, domin tun 1997 ta fitar da wani littafi a kan aure a wannan gari.

Mai karatu na iya tambaya: me ya kai masu nazarin harshe ga zancen makarantun fastoci, a ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su wuce kashi 0,3 cikin 100 ba? Amsar ita ce, waɗannan ƙananan makarantu suna daga cikin wurare na farko a Nijar da aka koyar da Hausar boko, aka kuma koyar da sauran darussa da ita, tun shekaru da dama kafin gwamnati ta buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973. Ke nan muna da misali na kusan ƙarni guda na abin da ke faruwa in an ilimantar da mutum da harshensa, alhali hukuma da wani harshen take aiki. Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 (Charte de la refondation) ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, wannan misali ya tashi daga tarihin ƴan tsiraru ya zama abin da ya shafi kowa.

2. Mishan ɗin da ake magana a kai

Ƙungiyar da littafin ya fi mai da hankali a kanta ita ce Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Asalinta samari uku ne, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da suka sauka Ikko a 1893 da nufin shiga ƙasar Sudan. Biyu na farko sun rasu a 1894, kuma sai a 1902 ƙungiyar ta sami gindin zama a Pategi. Turawan mulki na Ingila sun daɗe suna taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi na Arewacin Nijeriya. A cikin wannan hali ne SIM ta ƙetaro iyaka ta sauka Damagaram a 1924, lokacin garin yana babban birnin mulkin mallaka, kafin a mai da shi Yamai a 1926. Daga nan ta kafa tasha a Tsibiri ta Gobir a ƙarshen shekarun 1920, sannan Maraɗi da wasu garuruwa. Asibitin Galmi an buɗe shi a 1950, na kutare a Danja kuma ya biyo baya a cikin shekarun 1950.

Akwai siffofi biyu na wannan ƙungiya da ya kamata a riƙe. Ta farko, ba wata babbar ikilisiya ce ke ɗaukar nauyinta ba: kowane ɗan mishan shi ke neman masu tallafa masa a majami'un Kanada ko Amurka ko Ingila ko Ostireliya, yana rubuta musu wasiƙu yana ba da labarin aikinsa. Ta biyu, da yawa daga cikinsu ba daga jami'a suka fito ba, daga makarantun Littafi Mai Tsarki irin su Moody ta Shikago da Prairie ta Kanada suka fito, a zamanin da masu ra'ayin riƙau na Furotesta ke zargin ilimin jami'a da raunana bangaskiya. Wanda aka horar a haka, irin makarantar da ya sani ita zai gina.

Cooper ta buɗe littafinta da tarzomar watan Nuwamba na 2000, wadda ta tashi a dalilin bikin nunin tufafi na FIMA, inda a Maraɗi aka auka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren bori da kuma wuraren ibadar Kirista. Daga nan ta koma baya ta bi tarihin: fassarar Littafi Mai Tsarki, rawar da ƴan ƙasa suka taka wajen yaɗuwar ikilisiya, horo a kan aure da dattijantaka, zargin da gwamnatin Vishi ta yi wa ƴan mishan masu jin Ingilishi tsakanin 1940 da 1942, ilimi, asibiti, noma, har zuwa bunƙasar majami'un Fentikos.

3. Tarkon harshe

Babin da ya shafi ilimi, a ganinmu, shi ne mafi ƙarfi a littafin. Dokar 14 ga Fabrairu 1922 ta tanadi cewa duk makaranta mai zaman kanta a Afirka ta Yamma ta Faransa da Faransanci za ta koyar. Ƴan mishan na SIM kuwa Hausa suka koya a Nijeriya, kuma littattafansu na karatu da na waƙa daga Jos ake kawo su. Mafi yawansu ba su da Faransancin da hukuma za ta yarda su buɗe lakwal da shi. Saboda haka suka tsaya ga azuzuwan koyon karatu da makarantun Littafi Mai Tsarki, waɗanda ake iya lasaftawa cikin aikin ibada.

Sai dai ba rashin iyawa kaɗai ba ne. Akwai aƙida: mutum ya ji maganar Allah da harshen da ya sha a nono. Akwai kuma tsoro: yaron da ya iya Faransanci zai bar aikin bishara ya tafi ya zama akawu ko tafinta. Waɗannan dalilai uku sun haɗu sun haifar da mutum mai wani irin ilimi: yana karanta Littafi daga Farawa har Wahayin Yahaya ba gargada, yana wa'azi, yana koya wa wasu karatu, amma ba zai iya rubuta wa kumandan takarda ba, ba zai iya neman izinin fili ba sai da tafinta, ba shi kuma da wata shaida da hukuma ta sani. Lokacin da sauye-sauyen 1946 da 1956 suka buɗe wa ƴan ƙasa ƙofar muƙamai, waɗanda suka yi lakwal ne suka shiga. Da aka sami ƴancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, ikilisiyar da aka kafa a wannan tsakani, wato EERN, ta sami kanta da shugabanni masu daraja a idon mabiyansu, marasa takarda a idon gwamnati. Mishan ta buɗe makarantar firamare ta Faransanci a Tsibiri, amma Cooper ta nuna cewa Kiristocin yankin sun daɗe suna ganin abin ya zo a makare, bai kuma wadatar ba, kuma wannan ƙorafi yana cikin abubuwan da suka dagula dangantakarsu da mishan.

Idan muka kwatanta da Nijeriya za mu ga inda tsanin ya karye. A can, wanda ya gama makarantar Hausa yana iya hawa zuwa ta Ingilishi a Kagoro ko Igbaja, daga baya kuma zuwa babbar makarantar tauhidi ta Jos da aka buɗe a 1980, duk a cikin ƙasa ɗaya da tsari ɗaya. A Nijar kuwa, wanda ya gama makarantar Hausa irin ta Agye, mataki na gaba ko dai yana ƙetaren iyaka da Ingilishi, ko yana Bangi da Abijan da Faransanci, harsuna biyu da ba a koya masa ba.

A nan ne littafin ya yi wa ra'ayin Lamin Sanneh gyara. A littafinsa na 1989, Sanneh ya kafa hujja cewa fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan Afirka ta ba ƴan ƙasa makamin da suka ƙwaci kansu da shi daga ƴan mishan da ƴan mulkin mallaka. Misalin Maraɗi ya nuna wannan ba doka ba ce. Harshen gida yana ƴantarwa in yana da hanyar da za ta kai mai shi ga dukan matakan ilimi da aiki. In babu wannan hanya, yana iya zama shinge. Abin da za mu ƙara shi ne, Abdu Mumuni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya riga ya hango wannan a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka: kiran da ya yi na koyarwa da harsunan gida kira ne na sake tsarin gaba ɗaya, ba na keɓe wa talaka ƴar makarantarsa ba. Makarantun gwaji na gwamnati su ma sun shafe shekaru da dama suna amsa sunan gwaji, saboda dalilin da bai yi nisa da wannan ba.

4. Bature a tasha, malam a ƙauye

Game da rayuwar yau da kullum, littafin ya yi adalci ga ƴan mishan. Bai ɓoye wahalarsu ba: zazzaɓi, kaɗaici, ƙarancin kuɗi, rabuwa da ƴaƴa. Bai kuma ɓoye cewa aikin da ake rubutawa da sunansu a rahotanni, ƴan ƙasa ne suka yi mafi yawansa ba. Su ne suka san gidan da za a sallama, da maigarin da za a fara gaisarwa, da lokacin da manomi ke da sukunin saurare. Wani abin lura da marubuciyar ta fito da shi shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka fara karɓar sabon addinin a yankin daga Musulunci suka fito, ba daga cikin arna kaɗai ba kamar yadda ake zato.

Wannan yana da muhimmanci ga batun horarwa, kuma muna ganin ana iya tura shi gaba fiye da inda ta tsaya. Al'ummar da mishan ta tarar ta riga ta san mai ilimin addini. Ta san malam, ta san almajiri, ta san karatun zaure inda ɗalibi ke bin littafi ɗaya bayan ɗaya a gaban malaminsa shekara da shekaru. Ta san cewa malam yana noma, yana karɓar sadaka, kuma darajarsa daga malaman da ya yi karatu a wurinsu take fitowa. Ba banza ba ne har yau ake kiran mai bishara da Malam a majami'un Hausa. Da wannan ma'auni jama'a suka auna shi: wa ya karantar da kai, littafi nawa ka sauke, kana iya tsayawa gaban malamin gari ku yi muhawara? Horon ƴan shekaru kaɗan da aka tsara don fitar da mataimakin Bature bai tanadi amsar waɗannan tambayoyi ba.

Haka nan batun lada. Ɗan mishan yana cewa shi ma ba albashi yake ci ba, ga Allah ya dogara, saboda haka yana sa ran mai bishara ya yi aikin Allah ba tare da neman biya ba. Amma dogaron da ke da majami'u a Toronto a bayansa daban yake da dogaron da ke da gona ɗaya a bayansa. Bambancin ya fi fitowa fili a kan ilimin ƴaƴa. Ƙungiyar da ta yi jinkirin ba ƴaƴan mabiyanta Faransanci ta gina wa ƴaƴan ma'aikatanta makarantar Kent a Miyango ta ƙasar Filato tun tsakiyar shekarun 1940, daga baya kuma makarantar Sahel a Yamai a shekarun 1980, inda ake shirya su shiga jami'o'in ƙasashensu. Ba mu kawo wannan don zargi ba, kowane uba haka zai so wa ɗansa. Mun kawo shi ne don iyayen Tsibiri da Maraɗi su ma abin da suka nema ke nan.

5. Kalmomin da fasto ya gada

Babin fassara ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya karanta shi. Tarihin ya faro tun daga J. F. Schön, wanda ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, kuma babban mai ba shi bayani shi ne Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai a 1855. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gaba tare da wasu ƴan mishan da Hausawa masu taimaka musu.

Masu fassarar sun tarar da harshe wanda Musulunci ya riga ya shiga jikinsa. Ba su da wata kalma sai Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, Zabura. Inda suka ga haɗari sai suka kauce: suka ɗauki Yesu suka bar Isa, suka fifita bangaskiya a kan imani, suka ce majami'a. Fassarar da ta biyo baya bayan kusan shekara hamsin ta mai da Kristi ya koma Almasihu, wato ta matso kusa da kunnen Musulmi. Wasu kalmomin kuwa an riƙe su an sauya musu ma'ana. Sujada, wadda ga Musulmi rukuni ce a cikin salla, a majami'a ta zama sunan taron ibada gaba ɗaya. Tauhidi, wanda ga malamin zaure yake nufin kaɗaita Allah, ya zama sunan fannin da fasto ke karantawa, har da koyarwar Triniti a ciki. Ke nan duk lokacin da fasto Bahaushe ya buɗe baki, da kalmomin maƙwabcinsa yake magana, kuma kowace kalma tana iya zama gada ko abin rigima.

Cooper ta ga wannan sarai, amma ta dube shi da idon mai tarihi, ta fi kula da shawarar da kwamitin fassara ya yanke. Abin da ya rage wa mai nazarin harshe shi ne abin da ya faru bayan littafin ya bar hannun kwamiti. Hausar fassarar ta fi karkata ga ta Kano da Zariya, alhali masu karanta ta a nan Gobiranci da Katsinanci da Damagaranci da Aderanci da Arewanci suke yi. Mai wa'azi yana karanta aya da karin littafi, ya bayyana ta da karin garinsu, in a birni yake ya cusa Faransanci. A cikin wannan kai da komo ne ainihin tauhidin Kirista Bahaushe yake, kuma ba a cikin rahoton mishan za a same shi ba.

6. Inda muke da ja

6.1 Rashin Yamai

Littafin na Maraɗi ne, marubuciyar ba ta kuma ɓoye haka ba. Amma sunansa ya ambaci Sahel, kuma mai karatu na waje zai ɗauka labarin Nijar ke nan. Daga Yamai abin ya sha bamban. A nan mishan ta Baftis ta fara aiki da Zabarmanci tun ƙarshen shekarun 1920. A nan Fada François Faroud ya kafa mishan ta Katolika a 1931, wadda ta bi hanyar da ta saɓa wa ta SIM: ta rungumi Faransanci, ta gina makarantu irin su Mariyama, waɗanda mafi yawan ɗalibansu ƴaƴan Musulmi ne. Amma ita ma ta biya nata farashin, domin an daɗe ana kallonta a matsayin ikilisiyar baƙi ƴan Dahome da Togo da Haute-Volta, kuma sai a 2014 aka naɗa ɗan ƙasa na farko, Laurent Lompo, babban bishop na Yamai. Wato hanya ɗaya ta samar da shugabanni ƴan ƙasa da wuri ba tare da takarda ba, ɗayar ta samar da takarda ta yi jinkirin samar da shugabanni. In ba a jera su biyun ba, mai karatu zai zaci da SIM ta koyar da Faransanci da an huta.

Har ila yau, a Yamai ne makarantun Furotesta masu koyarwa da Faransanci suke, irin su Centre Biblique de Niamey da École Supérieure Privée de Théologie. Samuwarsu ta cike giɓin da muka ambata, amma ta haifar da fastoci hawa biyu: na Hausa a ƙauye, na Faransanci a birni, kuma na biyun ne ke zama da baƙi a teburin shawara. Rarrabuwar da ta auka wa EERN a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, wadda ta haifar da UEEPN da ikilisiyar Salama, ba za a fahimce ta sosai ba sai an sa wannan bambanci a lissafi tare da na yanki da na dukiya.

6.2 Madogara

Ginshiƙan littafin su ne ajiyayyun takardun SIM da ke Amurka, da takardun mulkin mallaka, da hirarrakin da marubuciyar ta yi da Hausa. Hirarrakin suna da daraja ƙwarai. Duk da haka, rubutattun madogaran kusan duka na Ingilishi ne da Faransanci, a tarihin mutanen da babban abin da ya bambanta su da maƙwabtansu shi ne rubutu da Hausa. Littattafan rubutu na ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki, da rajistar taron dattijai, da wasiƙun masu bishara, da waƙoƙin zumuntar mata, da kaset-kaset na wa'azi, ba su sami matsayin da ya kamace su ba. Sakamakon haka, muna jin muryar ɗan ƙasa yana tuna abin da ya wuce, amma ba mu cika jin ta a lokacin da abin ke faruwa ba. Kuma littafin kansa da Ingilishi yake, harshen da mafi yawan waɗanda ya yi magana a kansu ba su karantawa.

6.3 Kwatanci da masu gyaran Musulunci

Babbar hujjar littafin ita ce Kiristoci masu ra'ayin riƙau da Musulmi masu kiran komawa ga Sunna, irin ƴan Izala, sun yi kama fiye da yadda kowannensu zai yarda: dukansu suna komawa ga nassi kai tsaye, suna ƙyamar bori, suna sa ido a kan mata, suna ɗari-ɗari da gwamnatin da ba ruwanta da addini. Kwatancin yana da amfani, musamman a fagen ilimi, domin dukansu sun maye gurbin zaure da aji da allo da jarrabawa. Amma kama a siffa ba ita ce daidaito a ƙarfi ba. Ɓangare ɗaya gyara yake nema a cikin addinin kusan kowa, ɗayan kuwa tsiraru ne da ke neman wurin zama. Abin da ya faru a 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, aka kuma rasa rayuka goma, ya nuna iyakar wannan kwatanci. Littafin ya riga waɗannan abubuwa fitowa, ba za a kama shi da laifin rashin ambatonsu ba, amma mai karanta shi yau dole ya sa su a zuciya.

7. Ma'anar haɗin gwiwa

A takardun ƙungiyoyin mishan na yanzu, kalmar da ta fi yawa ita ce haɗin gwiwa (partenariat). Tunanin ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 19 Henry Venn ya yi kira ga ikilisiya mai mulkin kanta, mai ciyar da kanta, mai yaɗa kanta. A 1971 John Gatu na Kenya ya nemi a dakatar da aiko da ƴan mishan da kuɗinsu na wani lokaci don ikilisiyoyin Afirka su tsaya da ƙafafunsu. Abin da tarihin Maraɗi ya koya mana shi ne kalmar ba ta da nauyi sai an amsa tambayoyi uku: wa ke riƙe da aljihu, wa ke tsara manhaja, kuma wa ya yarda da takardar da aka ba ɗalibi. Manhajar da aka fassaro daga waje tana iya koya wa fasto rigingimun Turai na ƙarni na 16 dalla-dalla, ta bar shi ba shiri a kan gado tsakanin ƴan'uwa masu addini biyu, ko auren mace fiye da ɗaya, ko jana'izar uba Musulmi. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Akwai misali ɗaya a littafin da ke nuna abin da kan yiwu in an juya tsarin. Daga 1983, ma'aikacin SIM Tony Rinaudo da manoman yankin Maraɗi suka bar dashen itatuwan da ke mutuwa, suka koma renon tohon kututturan da ke cikin gona, abin da ake kira sassaben zamani. Dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi, Musulmi da Kirista, har masu bincike suka ƙiyasta ta shafi kimanin eka miliyan 5 na ma'aunin hekta a kudancin ƙasar. Ba ta bukaci harshen waje ba, ba ta bukaci takarda ba, ta kuma ginu a kan abin da manomi ya riga ya sani. Aikin mishan da ya fi kowane yaɗuwa shi ne wanda ya fi saurin fita daga hannunta.

Yanayin tsaro ma ya sauya lissafin. Bayan sace wani Ba'amurke a Abalak a 2016 da wani fada ɗan Italiya a Bomowanga a 2018, zirga-zirgar baƙi a karkara ta ragu ƙwarai. Nauyin da aka daɗe ana muhawarar miƙawa ya faɗo a kan ƴan ƙasa ba tare da an yi bikin miƙa shi ba.

8. Kammalawa

Littafin Cooper ya cancanci matsayin da ya samu. Ya ɗauki mutanen da tarihin ƙasa ya saba tsallakewa ya ba su wuri, ya kuma yi haka ba tare da yabon mishan ko tsine mata ba. Rauninsa shi ne ya tsaya a Maraɗi, ya kuma dogara ga rubutun baƙi fiye da na ƴan gida.

Aiki uku muke ganin ya rataya a wuyanmu. Na farko, a tattara rubuce-rubucen Hausa da kaset-kaset da ke hannun tsofaffin masu bishara da iyalansu, da yardarsu, a adana kwafinsu a cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO kafin gara da damina su gama da su. Na biyu, a yi nazarin kalmomin addini da Musulmi da Kirista ke tarayya a kansu, a nuna inda ma'ana ta haɗu da inda ta rabu. Na uku, a fassara aƙalla babin ilimi da na fassara zuwa Hausa da Faransanci don ɗalibanmu da mutanen da abin ya shafa. Masu tsara yadda za a aiwatar da matsayin da Hausa ta samu a 2025 su ma za su amfana da wannan babi, domin tambayar da iyayen Tsibiri suka yi wa mishan ita ce iyaye za su yi wa gwamnati: in ɗana ya gama karatu da Hausa, ina zai je da shi?